Ƙayar Tarwaɗa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san baban yara ne ke kula da kududdufan tarwaɗa a gonar Alhaji Mai Tumbi. Tun da kifin suka yi gyambo bara, Alhajin ya ƙwallafa rai a kan kafso. Da ciwo da ba ciwo, kullum sai an fasa kafso irin namu na mutane an cuɗa da abincin kifi, wai rigakafi ya fi magani. Likitan dabbobi ya ce a bari, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Daga ranar aka daina kiransa. Baban yara kuwa kin san shi, ko ubangidansa ya ce ruwa ba ya jiƙa mutum, haka ne zai ce.

Makon jiya yana kamun kifi ƙaya ta soke shi a tafin hannun dama. Ya ɗaure da tsumma ya koma ruwa, don ko safar hannu ba a ba su. Yanzu hannun ya kumbura suntum, har wari yake. Muna asibiti, an sauya allura an sake sauyawa, kamar ruwa ake zuba masa. Ki taya mu da addu'a, hannun nan ne cinmu.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci. Ya yaran?

Sakamakon gwaji ya fito. Likita ta ce cutar daga ruwan kududdufin take, kuma ta daɗe da sabawa da magungunan da suke da su. Shekaranjiya aka yanke masa shi daga wuyan hannu. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambayata shi ne wa ya ba kifi abinci. Wallahi na ji kamar in mare shi, sai na fita na yi kukana.

Mai Tumbi bai tako ba, ya riga ya ɗauki wani a madadinsa. Direbansa ya aiko gida da baho cike da tarwaɗa, wai a dafa wa maras lafiya ya ji ƙarfin jikinsa. Na so in watsa masa su a fuska. Amma tun safe yara ba su sa komai a ciki ba, Yaya. Na dafa. Ni na zauna a bakin gadon baban yara na cire masa ƙayoyin, na ba shi a baki. Ya ce in yi wa Alhaji godiya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta