An Ɗauke Ni Ɗan Jagoran Bogi a Madarasar Zaituna

Daga: Lamfaddal Zarwali,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Rasif, Fas.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Tsofaffin Makarantu, Fas.

Litinin, 16 ga Yuli, 2012.

Game da: Tsare ni da aka yi a gaban jikata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da kukana. Kwana biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin abin ya fi ƙarfin bakina.

Ina da jika mai suna Nuhaila, 'yar marigayiya 'yata Rabi'a. A Beljiyam aka haife ta, ubanta mutumin can ne, sunansa take amsawa, kuma ba ta jin Larabci. Bana ta fara zuwa wurina ita kaɗai. Ranar Asabar, 14 ga wata, na fita da ita ta ga inda kakanta ya yi karatu. Mun shiga ɗakunan karatu biyu lafiya, muka ci bisara, wato faten wake, a bakin hanya, tana dariyar gurgun Faransancina. Bayan azahar muka isa Madarasar Zaituna, inda na zauna ina ɗalibi tun 1956. Ga abin da ya biyo baya:

1. Ina tsakar gida ina nuna mata ɗakina na sama, da 'yar tagar da ake miƙo mana burodi ɗaya kullum, sai mai gadinku ya riƙe hannun jallabiyata. Bai yi sallama ba. Ya ce in nuna katin jagoran baƙi. Na ce masa ni ba ɗan jagora ba ne, jikata ce. Ya dubi gashinta da kyamararta, ya ce duk tsofaffin da yake kamawa haka suke faɗa, jiya ma wani ya zo da jikoki 'yan Japan. Mutane suka yi dariya.

2. Na san dokar hana jagoranci ba izini, ban kuma raina ta ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ɗan jagoran bogi shagon dardumai yake kai baƙo, ba ya tsayawa yana share hawaye a ƙarƙashin taga.

3. Ya zaunar da ni a bencin ƙofa, inda ake ajiye takalma, masu shiga da fita suna kallona. Cikinsu har da wani tsohon ɗalibina, wanda ya kawar da kai don ya rufa mini asiri. Allah ya saka masa.

4. Wannan shi ne mafi nauyi. Da ya ga sunayen da ke katunan shaidarmu ba su zo ɗaya ba, sai ya juya ga yarinyar, ya ce da Faransanci idan har kakanta ne, ta faɗi sunansa. Ranka ya daɗe, ba ta sani ba. Kaka kawai take ce mini, haka uwarta ta koya mata ta riƙa kirana a waya. Fuskarta ta yi ja, ta dube ni tana neman agaji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba kunyar mai gadi na ji ba, kunyar yarinyar na ji, da aka sa marainiya ta gane a bainar jama'a irin nisan da ke tsakaninta da dangin uwarta.

5. Sai da limamin unguwa ya zo ya shaide ni aka sallame mu, a lokacin an rufe bene. Tun ranar ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ta ce ita ta jawo mini wulaƙanci, kuma ba za ta ƙara zuwa Fas ba. Na yi ta faɗa mata sunana a gida, sai ta fashe da kuka.

Ranka ya daɗe, ba na neman a kori kowa. Wataƙila mutumin yana da iyali, kuma aikin da aka ba shi ya yi, sai dai ya zarce gona da iri. Abu biyu nake roƙo, kafin Alhamis, 19 ga wata, ranar da jirginta zai tashi. Na farko, a buɗe mana ɗakin nan na sama, ko na minti goma ne. Na biyu, wannan mai gadin ya tarbe mu a ƙofa, ya yi mini sallama, ya kira ni da cikakken sunana da ƙarfi, yadda za ta ji shi daga bakin mutumin garin nan. Shekaruna saba'in da biyu. Idan ta tafi a haka, ban san wanda zai sake dawo mini da ita ba.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Lamfaddal Zarwali,
kakan Nuhaila.