Littafin da Na Zaɓa Saboda Zobenki, Inna

Zuwa ga Innata, a makwancinta na Rawayau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwa a inda kike. Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifina Malam yana can gida da sauran ƙarfinsa, har yanzu yana zaure yana ba da karatu, gwiwa ce kawai ta fara yi mashi gardama.

Dalilin wannan takarda, Inna, ina da ciki, wata takwas ke nan. Na san da kina raye ba da baki za ki ji wannan magana ba. Da tun daga yadda nake sunkuyawa in ɗauki buta za ki gane, ki kau da kai kamar ba ki gani ba, ni kuma in ja mayafi in rufe fuska. To yau ga shi na rubuta, a gaban mutane kuma. Akwai wani alkawari da na yi maki da na karya, ina so ki ji daga bakina.

Kin tuna zoben azurfarki? Ina shekara goma sha ɗaya, lokacin kaka, ana ta shigo da dammunan gero. Kina da tsohon ciki. Da hantsi kika kira ni bayan rumbu. Ba da sunana ba, don ni 'yar fari ce, tsakanina da ke sai "ke". Kika ce in kawo sabulu da ruwa. Yatsunki sun kumbura, fuskarki ta cika har idanunki sun ƙanƙance. Matan da ke shigowa suna maki tsiya wai cikin nan ya karɓe ki, lalle namiji ne. Muka yi ta murzawa har zoben ya fita, ya bar shaida a yatsanki. Kika ɗaure mani shi a bakin zane, kika ce, "Riƙe mani. Kaina ne ke ɗan sarawa, kada ki faɗa ma Malam, yana da baƙi."

Na riƙe, Inna. Kwana biyu ina kallonki kina tuƙa tuwo kina dafe goshi, kina laluben ludayi alhali yana gabanki. Malam yana zaure. Daga baya na ƙirga, daga bakin madafa zuwa buzunsa taku ashirin da biyu ne. Rana ta ukku bayan azahar kika faɗi, jikinki ya kama jijjiga. Kafin a samo mota, kafin a isa Kurfi, kin tafi ke da abin da ke cikinki.

Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, wannan na yarda. Amma na girma da sanin cewa akwai magana a bakina da ban kai zaure ba, kuma ban taɓa gaya ma kowa ba.

Na yi aure bara waccan. Malamin firamare ne, mutumin Shema, sunansa Lawal. Eh, na rubuta sunan miji, kada ki kama baki tukuna, za ki ji wadda ta fi wannan. Mutum ne mai haƙuri da son karatu, ko takardar ƙosai ya samu sai ya karanta ta kafin ya yar. Da ciki ya bayyana aka fara zancen goyon ciki, wai in koma gida a kula da ni. Wane gida, Inna, ke ba ki nan? Gwaggon da ta riƙe ni bayan rasuwarki tana sona, amma duk abin da na kai mata amsarta guda ce, in yi haƙuri, haka mata ke yi. Lawal ya ce tunda daga ni har shi ba wanda ya san komai, mu nemi littafi mai kyau mu karanta tare.

Bai san abin da nake tsoro ba. Nauyin bakinki na gado. Ko zazzaɓi nake sai in ce gajiya ce. Na san halina sarai: ranar da kaina zai sara, zan iya yin shiru kamar yadda kika yi. Don haka ni ba littafin da zai koya mani yadda ake ɗaure zanen goyo nake nema ba. Duk wanda ya zo hannuna ba na kallon bango, sai in buɗe in nemi inda aka yi maganar kumburi da ciwon kai, in tambayi kaina: da wannan yana gidanmu a kakar nan, da ya sa wani ya tashi tsaye?

Na farko wata ƙawata mai aiki a jami'a ta ara mani. Na Turanci ne, kaurinsa kamar bulo, takardar tana sheƙi. Ga hotunan Turawa suna murmushi, ga jerin abincin da ko sunansa ba a taɓa ji ba a kasuwar Dutsin-Ma. Ko ina ka buɗe sai ya ce ka buga ma likitanka waya. Likitana, Inna, ni da ke bin layi da kati a hannu. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, amsar tana ciki, amma can wajen ƙarshe, ƙarƙashin wani dogon suna da sai da Lawal ya ɗauko ƙamus. Shafi huɗu ya karanta ya fara hamma. Na goge mashi ƙura na mayar ma mai shi da godiya.

Na biyu Lawal ya sawo wajen mai shimfiɗa littattafai a ƙofar masallacin Juma'a. Na Hausa ne, na yi murna. Akwai addu'o'i masu kyau, da hukuncin jinin biƙi, da sunayen yara har da ma'anarsu. Sai na nemo wurina. Ya ce kumburi ba komai ba ne, a sha jiƙo kaza, kuma mace ta gari ba ta damun mijinta da ƙorafi. Wallahi, Inna, muryarki na ji a bayan rumbu. Na kwafe addu'o'in a takarda, na sa littafin a ƙasan akwati.

Na waya kuwa ba a magana. An sa ni a wani zauren mata masu ciki, wannan ta ce a sha kanwa, waccan ta ce kada a kuskura, kowacce kuma da rantsuwa. Kwana biyar na yi na fita.

Na ukku ba ni na neme shi ba. Ranar awo ce, muna zaune a benci ana zafi, wata mata daga Kutawa tana fifita da wani siririn littafi. Bangonsa ya yi laushi, har da tabon manja. Ta ce ita ba ta yi boko ba, maigidanta ke karanta mata in ya dawo daga gona. Na roƙe ta na duba. Wata ungozomar asibiti ce ta rubuta shi da Hausa, Hausar da muke yi, ba wadda sai an fassara ma mutum ba. Zanen matan ciki da zane da ɗankwali. Abincin kuma namu ne: wake, zogale, rama, gyaɗa, hanta in an samu, da ƙwan da aka hana ku ci.

Ban ma sha wahalar neman wurina ba. Yana tsakiyar littafin, an zagaye shi da jan layi, kuma ba da ni yake magana ba, da maigida yake. Ya ce mashi mai yiwuwa kunya ta hana matarka faɗa maka, don haka kai ka riƙa duban fuskarta da hannuwanta, ka tambaye ta da bakinka. In ka ga kumburin fuska da yatsu, ko ciwon kan da ba ya sauka, ko ganinta ya dushe, ko jini, ko ɗa ya daina motsi, kada ka jira komai, ku tafi asibiti. Ya ce ka ba ta izinin fita tun yanzu, ko kana gida ko ba ka nan, ka kuma san babur ɗin wa za a nema. A ƙasan shafin ya faɗi gaskiyarsa, cewa shi littafi ne kawai, ba ya auna jini, a je awo.

Na zauna riƙe da shi har aka kira sunana sau biyu ban ji ba. Na shiga da shi wurin malamar awo, ta juya shafukan, ta ce wannan kam mu riƙe shi, ta kwatanta mani shagon da ake samu kusa da tasha.

Muka sayo namu, Lawal ya karance shi tas, ya sake. Daga nan na shiga ukku. Kullum da safe kafin ya sha koko sai ya ce, "Nuna hannu." Ya juya su kamar mai tayin tumatir. Rannan kuma ya tsaya tsakar gida ya gyara murya kamar liman zai ɗaura aure, ya ce ya ba ni izinin zuwa asibiti daga yau har in sauka, Allah shaida. Na yi ta dariya, sai na shige ɗaki don kada ya ga dariyar ta koma kuka.

To, mako biyu da suka wuce ana jarrabawa a makarantarsu. Ya makara, ya fita da sauri, ranar ce kaɗai bai ce in nuna hannu ba. Ni kuwa na tashi kaina kamar ana daka a ciki, in na kalli bango sai in ga wasu 'yan ƙyalƙyali suna yawo. Zobenki, wanda nake sawa tun ranar aurena, ya nutse a yatsana. Ban san sa'ad da na isa bakin randa ba, sai ganina na yi da sabulu a hannu ina murzawa. Zuciyata tana ce mani ɗan ciwon kai ne, mutumin nan sauri yake, yara na jiransa, bari ya dawo.

Na kalli sabulun, Inna. Ga ni, ga zobe, ga hantsi, ga miji a ƙofar gida yana ƙoƙarin tada babur. Babu abin da ya rage sai yarinyar da zan ce ma ta riƙe mani.

Na fita ba ko mayafin kirki, kumfa a hannuna. Babur ya riga ya tashi, ba zai ji sallama ba. Sai na buɗe baki a tsakiyar layi na ce, "Lawal!" Mai kanti ya waiwayo, matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ya kashe babur. Na ce mashi, "Kaina na ciwo." Bai tambaye ni tun yaushe ba. Hannuna ya kalla, ya shiga ya ɗauko mani hijabi da kati.

Jinina ne ya hau, sosai ma. Kwana ukku suka riƙe ni, suka ɗora ni a kan magani, yanzu duk mako nake komawa. Sun ce a asibiti zan haihu, wataƙila ma kafin lokaci. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maki ba. Amma ɗan yana motsi, yanzu haka da nake rubutun nan yana harbina.

Malam ya zo dubiya daga Rawayau. Ya ga zoben a kan durowar gefen gado, ya ɗauka ya daɗe yana juya shi. Ashe shi ya saya maki, ya ɗauka ya ɓace tun tuni. Nan na gaya mashi komai, sabulun, da bayan rumbu, da abin da kika ce. Na jira ya yi mani faɗa ko ya tashi ya fita. Ya ja carbinsa har ya zagayo, sannan ya ce, "An ba ki amana kin riƙe. Ni ne ban leƙo ba." Daga nan ya sa Lawal ya karanta mashi shafin nan a hankali, shi kuma yana rubutawa da ajami. An ce yanzu bayan la'asar, in magidanta sun taru a zaure, yakan ɗauko takardar.

Ban ga laifinki ba, Inna, ko sau ɗaya. Kunya aka koya maki, kika riƙe ta da kyau, kin ɗauka saukaƙa ma Malam kike yi. Ƙawayena suna tambayata wane littafi za su saya, nakan ce masu su buɗe shi daidai wurin abin da suke tsoro, su ga ko ya yi magana a fili, su nuna ma malamar awo, sannan su tabbata maigida zai iya karanta shi ba hamma.

Mun yi shawara da Lawal, in mace ce sunanki za ta ci. Kin ga ke nan ba zan iya kiran sunan ba, Inna zan riƙa ce mata, in sake samun wadda zan kira haka a cikin gida. Zoben nata ne in ta girma. Zan ba ta shi hannu da hannu, ba tare da wata magana da za ta ɓoye ba.

Ki yafe mani alkawarin da na karya. Na faɗa ma Malam, na makara da shekaru, amma na faɗa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da ɗan da kuka tafi tare a Aljanna. Allah Ya sauke ni lafiya, ni da matar Kutawa da duk mai ɗauke da irin kayanmu, Ya ba mu bakin faɗa, Ya ba mazanmu idon gani. Amin.

Ki huta lafiya.

'Yarki ta fari, wadda kike kira "ke",
Rabi