Jerin Makarantun Sabuwa

Ƙanƙara, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Mero da yara. Na yi ta neman wayarka ba ta shiga, an ce sabis ɗin Sabuwa ya sake ɗaukewa, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Albishirinka, shawarar nan ta karɓu. A zaman da aka yi a Faskari, sassan ilimi na ƙananan hukumominmu uku sun yarda a daina sayen kwamfutocin makarantu kowa shi kaɗai. Za a haɗa buƙatun a shafi guda na intanet, kamfanoni su yi gasar farashi. In mun kai guda ɗari da hamsin, farashin sari za a ba mu. Ƙanƙara sittin, Faskari hamsin, saura naku.

Ni aka ɗora wa shigar da komai. Tunda kai ke kula da na'urori a sashenku, ka aiko mani da jerin makarantunku da sa hannunka kafin ashirin ga wata.

Ƙanenka,
Harisu

Sabuwa, 9 ga Maris

Harisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarka ta iso, amma rediyo ya riga ta. Ina shan koko na ji ana cewa wani matashi mai hangen nesa a Ƙanƙara ya fito da sabuwar dabara. Mero har da guɗa. Ni ban iya ƙarasa kokon ba.

Ka ce "shawarar nan". Ta wa? Ranar Sallar layya, a zauren Inna a Mairuwa, wa ya juya bayan kalanda ya zana maka yadda za a yi? Kai lokacin nama kake ci kana gyaɗa kai. Ni na fara ɗora yatsunka a kan kwamfuta. Shekara goma sha bakwai ina Sabuwa, ina ɗaure na'ura a bayan mashin ina bin hanyar da direbobi ke gudu, ba a taɓa ambatona ko a lasifikar masallaci ba.

Ku haɗa naku. Ina da dilan kwamfuta a Zariya, zan sayo na Sabuwa da kaina, a ga wanda ya san kasuwa.

Yahuza

Ƙanƙara, 12 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Wallahi a zaman Faskari na faɗi cewa kai ka kawo maganar, har an ajiye maka kujera, sai aka ce hanyarku ta rufe ranar. Amma ba zan ɓoye maka ba, da mai rediyo ya yabe ni, ban gyara mashi ba. Daɗi na ji. Ka yafe mani.

In babu Sabuwa, ɗari da goma muke, ragin ya tashi ke nan, har da na yaran Faskari da ba su san muna rigima ba. Don Allah ka aiko.

Harisu

Sabuwa, 24 ga Maris

Harisu,

Sallama. Na karanta takardarka, na sa ta a aljihu na tafi Zariya. Kwana biyu ina zaga shaguna. Abin da aka ware mana, da na yi tsammanin zai kawo arba'in da huɗu, ashirin da tara kawai yake saye. Dilan nawa ma dariya ya yi, ya ce ai ya ji labarin wani Harisu, me ya hana ni shiga cikinsu? Ban ce mashi ɗan'uwana ne ba.

Ban sayi ko ɗaya ba. Da na dawo, Malama Alheri, shugabar wata makarantarmu ta ƙauye, ta same ni a ofis. Ta ce iyaye sun yi gayya sun shafe ɗaki, sun sa ƙofar ƙarfe, yaushe kayan za su zo? Na ce mata ana nan ana ƙoƙari. In ashirin da tara kawai za a saya, makarantarta na cikin waɗanda za a cire.

Na san ashirin ga wata ta wuce. Ba roƙonka nake ba, sanar da kai nake.

Yahuza

Ƙanƙara, 26 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba a cire kowa ba. Ranar ashirin, da na ga la'asar ta yi ba saƙonka, na ɗauko jerinku na bara na shigar wa Sabuwa arba'in da huɗu. Mun samu ragin.

Sai dai abin da na yi ba bisa ƙa'ida ba ne. Ranar Litinin masu bincike za su duba takardu. In ba su ga sa hannunka ba, za a soke cinikin duka, ni kuma a kira ni in yi bayanin wanda ya ba ni izini. Kujerar jagorancin cinikin nan da ta ɓata maka rai, ranar zan sauka daga kanta, wataƙila har da aikin.

Ga takardar da za ka sa wa hannu nan cikin ambulan. Yanzu abin yana hannunka, Yaya.

Harisu

Sabuwa, 28 ga Maris

Harisu,

Na sa hannu, na buga hatimi. Sunayen makarantu uku ka rubuta ba daidai ba, na gyara da jan biro.

Takardar ta kwana biyu a aljihun teburina. Ka san dalili. Na so in ga ka faɗi, ko da sau ɗaya ne. Ina roƙon Allah ya cire mani wannan daga zuciya, kuma har yanzu bai gama fita ba.

Ranar rabon kaya kada ka neme ni, ban iya tafa maka tukuna. In ka je Mairuwa ka gaida Inna, kada ka faɗa mata komai.

Yayanka,
Yahuza