Yatsuna Sun Tuna Kanki

Zuwa ga autata Ladi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidan da yaran? Mu nan Makera lafiya lau, sai kewarki.

Hannuna na dama da ya mutu tun damina, wanda ko an mintsine ni ba na ji, ya fara farfaɗowa. Baffanki Saje ne ya matsa min da wasu siraran allurai da ya koyo aikinsu a ƙasar Bama lokacin yaƙi. Na ce masa shirme ne. Ya yi ta kafa min su daga kafaɗa har wuyan hannu. A zama na huɗu na ji zirr har cikin yatsu.

Jiya na gwada yi wa maƙwabciyarmu Maman Ngozi kitso. Ina zuwa bayan kunnen hagu sai yatsuna suka kauce da kansu. Ta ce, "Mama, ai ba ni da ciwo a nan." Tabon ƙunarki suke kauce wa, Ladi. Na kasa ƙarasa kitson.

Ki sa ni a addu'a, ki gai da surukarki. Ki roƙi maigidan ya bar ki ki zo sallah, kuma kada ki yi kitso a can.

Taki,
Inna