Ƙorafin Direban da Aka Dakatar Don Motarsa Ta Warke

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Direbobi ta Haɗin Kai, layin Gure zuwa Bune
Daga: Garbai Husseini, direba, Gure
Kwanan wata: 9 ga Disamba, 2024
Game da: Cire motata daga layi saboda ta daina mutuwa a hanya

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun watan Maris na bara motata ta kamu da wata cuta: idan inji ya yi zafi sai ta mutu, ba ta kuma tashi sai ta huce. Da yake kullum daga tasha ɗaya nake tasowa, kullum a wuri ɗaya take mutuwa, wato bakin Kwarin Modu, inda a lokacin babu komai sai goruba biyu. Na canja buji, wato fulogi, na canja famfon mai, har rubutu surukina ya kawo aka zuba a radiyato. Ba ta fasa ba.

2. Mutanen kwarin suka lura kowace safiya akwai fasinjoji zaune a yashi ba aikin yi. Wata mai lambu, Balkisu, ta fara kawo dabino da rogo. Mai shayi ya biyo ta, sai mai tsire, sai wanzami. Kafin damina an kafa rumfuna, an raɗa wa wurin suna Tashar Garbai, ba wanda ya tambaye ni.

3. Ranar 14 ga Nuwamba na bana, makanike Aisami ya bi ni har wurin. Da ta mutu, ya sa na murɗa makulli, ya ga allurar da ke nuna juyawar inji ko motsi ba ta yi. Ya ɗebo ruwan sanyi daga tulun Balkisu ya zuba a kan wata 'yar na'ura da suke kira kaftar, wadda ke sanar da mota yadda sandar inji ke juyawa. Nan take motar ta tashi. Ya sa sabuwa. Tsohuwar kuwa, Allah ya yafe mini, na wurga ta cikin yashi iya ƙarfina, don na tsane ta.

4. Washegari na wuce wurin a guje, ina murna. Ashe laifi na yi. Masu rumfuna suka kai ƙara wurin kamashonmu mai tsara layi, Ɗan Talata, wanda ƙanin mai tsiren ne, shi kuwa ya cire ni daga layi ranar 18 ga wata, bisa laifin soke tasha ba da izini ba.

5. Na nemi sulhu, aka ba ni gwaji. Na tsaya a wurin da kaina, na kashe mota. Fasinjoji suka ƙi sauka, domin sun san lafiyarta ƙalau, har wata tsohuwa ta zungure ni da sanda. Ɗan Talata ya yanke cewa tsayawar ganganci ba tsayawa ba ce, kuma ba zan koma layi ba sai motar ta riƙa mutuwa tsakani da Allah.

6. Ni da iyalina mun tone yashin nan, ba mu ga tsohuwar kaftar ba. Na tafi Damagaram, shago bayan shago, ina neman lalatacciya. Mutanen da suka shekara suna sayar mini da tarkace, kowannensu ya rantse kayansa masu kyau ne. Na sayi biyu wurin wanda na fi zargi. Abin takaici, duka biyun suna aiki.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, ko dai a mayar da ni layi, ko ƙungiya ta samo mini lalatacciyar kaftar mai ɗauke da hatiminta. Motar tana ƙofar gida, ba ta taɓa samun lafiya irin ta yanzu ba, awaki ke kwana a ƙarƙashinta, geronmu kuwa ya kusa ƙarewa. Raina a ɓace yake ƙwarai. Tun da na fara tuƙi nake roƙon Allah ya kiyaye mini mota. Yanzu bayan kowace sallah roƙonsa nake ta lalace.

Ka huta lafiya, tare da biyayya da ƙasƙantar da kai,

Garbai Husseini