Ita Ke Amsa Kiran Asibiti a Madadina

Anti Mai Shawara, don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da rubutun ya ba ki wahala. Firamare ma ban gama ba. A jaridar da maigidana yake kawowa daga wurin aiki nake ganin filinki, ina haɗa baƙi a hankali har in gane. Abu ne ya tsaya mini a wuya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don wadda na saba gaya wa komai ita ce ta yi mini shi.

Ni baƙuwa ce a ƙauyen da muke. Bara muka taso, da maigidana ya samu aikin gyaran injin ban ruwa a wata babbar gona. Da sassafe yake fita sai yamma liƙis, kuma waya ɗaya gare mu, kullum tana aljihunsa saboda mai gonar ba ya da lokacin kira. Ɗaki muka samu a gidan mutane da yawa. Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce tela, ta girme ni sosai, 'ya'yanta biyar. Ranar da muka sauka ita ta ara mini tsintsiya da bokiti, ta nuna mini rijiyar da ruwanta ya fi daɗi, ta nuna mini inda rufinmu yake yoyo tun damina ba ta faɗi ba. Yaya nake ce mata. Ita kuma Matar Inji take ce mini, wai duk kayan da na shanya warin baƙin mai suke yi. A gindin kekenta nake wuni, ina tsinke mata zare, ina sa maɓalli, tana ba ni labarin kowa da kowa har na san mutanen garin kafin su san ni.

Da na samu ciki ita ta riga ni ganewa. Ita ta raka ni awo a ƙaramin asibitinmu. A nan malamar asibiti ta ce akwai wani tsari, duk mako za a riƙa kiran mai ciki a waya, murya ce da aka ɗauka, tana gaya mata abin da ya dace da watannin cikinta. Ta tambayi lambata, na ce wayar tana gona. Ta ce to in ba da ta wanda yake kusa da ni da rana. Kafin in buɗe baki Yaya ta ce a sa tata. Wallahi Anti na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Layi ya yi tsawo ranar, malamar tana ta sauri, ba ta yi dogon bayani ba, ko kuma ta yi ni ce ban ji ba, don kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da farko in an kira takan buɗe murya mu saurara tare. A ci ganye, a sha ƙwayar ƙarin jini, a kwana a gidan sauro. Ana zuwa wajen ƙarshe sai ta ɗauke wayar ta kanga a kunne, ta ce sauran duk surutu ne, sai in ga ta danna wani abu. Ni na ɗauka kashewa take yi. Da cikin ya yi nauyi ma ba na tashi, daga ɗakinta take ɗaga murya ta ce mutanena sun kira, sun ce in ci in sha in miƙe ƙafa kamar matar mai gona. Mu yi dariya.

Can ƙafafuna suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Zobena ya matse, fuskata ta yi suntum. Ga ciwon kai da ba ya sauka, wani lokaci in riƙa ganin wasu ƙananan taurari suna yawo a idona. Duk na gaya wa Yaya, ban ɓoye mata ko ɗaya ba. Sai ta ce haka ciki yake. Ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana murza mini da mai, ta jiƙa ƙyalle ta ɗaura mini a goshi. Ranar awo ta zo ruwa ya ɓata hanya, na ce ko mu daure mu je, ta ce ai tunda suna kira duk mako ba su ce in zo ba, lafiyata ƙalau. Na yarda. Ita fa ta haifi biyar, ni ban san komai ba.

Wata safiya ina jan ruwa jiri ya ɗebe ni, na zube a bakin rijiya. Yaya ta tafi sayen yadi a wani gari, sai wasu mata suka sa aka ɗauke ni a mashin zuwa asibiti. Malamar ta auna jinina, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce ya hau sosai. Sannan ta hau ni da faɗa a gaban mata. Ta ce duk kiran da ake yi, a ƙarshe ana tambaya ko kai na ciwo, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ana gani dishi-dishi, in e ne a danna ɗaya, in a'a ne a danna biyu, kuma duk wadda ta danna ɗaya a ranar suke nemanta. Ta ce ni kullum biyu nake dannawa. Ta ce ɓoye-ɓoyena ya kusa kashe ni da abin da ke cikina. Anti, a ranar na fara sanin ana tambaya. Na yi shiru na ɗauki laifin, ban ma san dalilin da ya sa na yi shirun ba.

Aka tura ni babban asibiti, na yi 'yan kwanaki, suka ba ni magani, suka ce in riƙa zuwa awo duk mako kuma a can zan haihu. Da na dawo na samu Yaya a kan keke na tambaye ta. Ba ta yi musu ba. Ta ce tana da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma daga ƙaramin asibiti aka tura ta babban, aka yi mata tiyata, gawarta aka dawo musu da ita. Ta ce tun ranar ta rantse ba za a sake ɗaukar wani nata a kai can ba tana kallo. Ta ce ita a ɗakin nan ta haifi nata duka, ƙafafunta kamar tulu, ga ta a raye. Wai da ta danna ɗaya da tuni sun yanka ni, wai don tana sona ta yi. Sai ta fashe da kuka, sai ga ni ina ba ta haƙuri. Wannan haƙurin da na ba ta shi ya fi komai ci mini rai.

Abin da na kasa haɗiyewa, Anti, ranar da take murza mini ƙafa wayar tana nan a kan kekenta. Hannun da ya taɓa kumburin shi ya danna babu kumburi.

Maigidana bai sani ba. Ya ɗauka ni na ɓoye, yana ta tambayata me ya yi mini da zan ƙi gaya masa ciwona. Yana da zuciya, in ya ji gaskiya gidan nan ba zai zaunu ba, kuma ba mu da wurin komawa. Mahaifiyata tana nesa, ba ta da lafiyar doguwar tafiya, Yaya ce dama za ta zauna da ni in haihuwa ta zo. Har yau ita ke yi mini wanki, ita ke ɗebo mini ruwa, ina karɓa ina jin kamar in mayar mata.

Ga kuma wanda ya hana ni sukuni. Akwai matar mai injin niƙa a bayan gidanmu, ba ta kai ni shekaru ba, cikin fari gare ta. Ni da bakina na ce ta ba da lambar Yaya, tun kafin wannan ya faru. Na roƙi Yaya ta daina danna wa mutane, ta ce to. Amma jiya na ji wayar ta yi ƙara, keken ya ɗan tsaya, ya ci gaba, kuma ban ji ta aika a kira yarinyar ba.

In na faɗa na tona asirin wadda ta riƙe ni lokacin da ban san kowa ba. In na yi shiru ban san me zai samu yarinyar nan ba. Kuma ko sona take yi da gaske, ko ni ce ban san mene ne so ba? Yaya zan yi?

Ƙanwarki, Baƙuwa

AMSA

Ƙanwata Baƙuwa, rubutunki ya fito sarai, na karanta shi tsaf. Sannu da jiki, sannu da abin da kike ɗauke da shi a zuci.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Yarinyar nan ta bayan gidanku, ki same ta yau, ba gobe ba. Ki gaya mata ana tambayoyi a ƙarshen kiran, kuma ita ce ya kamata ta amsa da hannunta. Ki tambaye ta yadda take jin jikinta, ku tafi awo tare a sauya lambar. Ba sai kin zagi kowa ba kafin ki yi wannan. Ke kika nuna mata hanyar da zuciya ɗaya, yanzu kin san akwai rami a kai, ke ce kuma za ki janye ta.

Malamar asibiti ma ki gaya mata gaskiya, ku biyu, ba a gaban mata ba. Wannan ba tona asiri ba ne. Tana ganinki a matsayin mai ɓoye ciwo, kuma da wannan idon za ta riƙa jin duk abin da kika ce mata har ki haihu. Sannan su ma 'yan asibitin akwai nasu laifin a ciki: sun karɓi lambar wata ba su tabbatar kin san me ake tambaya ba. Ba ke kaɗai ce mai amsa kira a wayar aro ba, maganarki za ta iya sa su gyara. Ki roƙe ta a mayar da kiran kan wayar maigidanki, ki tambaya ko za a iya sa shi lokacin da yake gida. In ba zai yiwu ba, ya kira ki ta wayar wani ya maimaita miki tambayoyin. Kuma ki riƙe wannan: waya ba ta auna jini. Na tambayi wata ungozoma, ta ce ciwon kai mai naci, kumburin fuska da hannu da gani dishi-dishi alamomi ne da ba a kwana da su, don suna iya kaiwa ga jijjiga. In ɗaya ya dawo, ki nufi asibiti ko an kira ko ba a kira ba. Kada ki tsallake magani ko awo, kuma ki haihu inda suka ce.

Kin tambaye ni ko Yaya tana sonki. Ina ganin tana sonki. Mace ba ta yi wa wadda ba ta so wanki da ɗiban ruwa, kuma mutuwar ƙanwarta ciwo ne na gaske da bai warke ba. Amma ta ci amanarki, wannan ma gaskiya ne, ɗayan bai goge ɗayan ba. Da ta ce miki ga abin da ake tambaya, ga tsorona, ki zaɓa, da mun ce shawara ta bayar ko da ba daidai ba. Ita kuwa ta ɓoye miki tambayar gaba ɗaya, ta yanke hukunci a kan ranki da na ɗanki ba da saninki ba. Kina da gaskiya ki yi fushi. Ba dole ki yafe mata a makon nan ba, kuma ki daina jin haushin kanki don kin lallashe ta tana kuka, tausayi ne ya riga fushin fitowa.

Kafin ki je wurin malamar, ki sanar da Yaya za ki je, kada ta ji a bakin wasu. Ki ce mata ba don ki kunyata ta ba ne, kuma in za ta bi ki ta ji bayani da kunnenta, ya fi. Wataƙila babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayanin abin da ya kashe ƙanwarta. In ta ƙi, ki tafi abinki.

Maigidanki yana zargin kansa da ke a kan abin da ba ku yi ba, kada ki bar shi a haka. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki fara da labarin ƙanwar Yaya kafin ki kai ga dannawar, ki ce masa abin da kike buƙata yanzu kwanciyar hankali ne, don tashin hankali ba ya yi wa mai hawan jini kyau. In kina tsoron zuciyarsa, ki tafi da shi awo a yi maganar a gaban malamar.

Batun haihuwa kuwa, ki karɓi ruwan Yaya da wankinta in ranki ya ba ki. Amma ranar naƙuda, kada wadda take tsoron babban asibiti ta zama mai cewa a tafi ko a dakata. Wannan ku tsara shi ke da maigidanki tun yanzu, har da wanda zai ɗauke ki, ku nemi wata babbar mace da za ta raka ki. In Yaya ta ce za ta bi ku har can, ki bar ta ta zo ta riƙe miki hannu.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa, ya sauki yarinyar nan ita ma lafiya. Yanzu ki ajiye jaridar nan ki leƙa bayan gida.

Antinki Mai Shawara