Dagaci Ya Farke Layarsa

Yaya Garba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya zaman Kumasi, yaya ciwon ƙafar nan? Mu dawa ta yi kyau bana, amma hankalinmu a tashe yake.

Ɗanka Isa ne. Wani tsohon soja ya ba shi labari a kasuwar Makarfi, wai wani likitan ido a ƙasar Filifin ya rubuta littafi ya tona zaluncin Turawan Sifen masu mulkinsu. Da Isa ya kawo mini labarin na ce, "To, yaya ya ƙare?" Ya ce, "Inna, harbe shi suka yi." Na ce, "Shi ne abin sha'awa?"

Bai ji ba. Ya rubuta ƙara da ajami kan samarin da ake kwasa aikin tilas ana tsakar girbi, ya aika Zariya ba suna. Ya manta shi ke rubuta wa garin nan laya! Takardar ta dawo hannun dagaci. Shi kuwa ya farke layar wuyansa gaban jama'a, ya jera ta da takardar ƙarar. Rubutun hannu ɗaya ne.

Jiya dogarai suka tafi da Isa, ko takalmi bai sa ba.

Yaya, a taya mu addu'a, a gaida kowa. Za ka ga rubutun nan ba wanda ka saba ba ne. Gida bakwai na shiga kafin na sami mai yarda ya riƙe mini alƙalami.

Ƙanwarka,
Hajara